Nawa Ake Kashewa Wajen Sanya Fitilun Waje a Gida? Jagorar Lissafi ga Mai Gida a Akra

A Akra, wadda iyayenmu suke kira Ankara, rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida na yamma kusan duk shekara, ta kuma fito da misalin shida na safe. Ke nan darenmu awa goma sha biyu ne, rani da damina, kuma duk fitilar da mutum ya kafa a bakin ƙofa ko a kan katanga ya bar ta a kunne har wayewar gari, za ta ci wuta rabin kowace rana ta Allah. Da wannan ya kamata lissafi ya fara, ba da farashin fitilar da aka gani a rataye a shago ba.

Na tashi a Nima, inda hasken shagon maƙwabci da na masallacin unguwa suke wadatar da lungu, don haka ban san duhun tsakar gida ba sai da muka koma gidan da na gina a bayan Madina, hanyar Adenta. Wata asuba mahaifiyata ta fito za ta yi alwala a bakin famfo, ƙafarta ta kuskure matakala, ta gurɗe, ta yi makonni tana salla a zaune. Washegari na sayo fitilu, na kira wani yaro mai ɗan taɓa aikin wuta a unguwar, ya ja waya ya binne, da magariba gida ya yi haske. Ruwa mai ƙarfi na farko da aka yi a watan Mayu, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, kuma ta ƙi tsayawa duk lokacin da aka mayar da ita. Da gogaggen ma'aikaci ya zo ya tona, sai ga waya tsirara a cikin jar ƙasa, babu bututu, an haɗa ta wuri uku an naɗe da baƙin salatif wanda danshi ya riga ya kwance. Ya ɗago ta ya ce, "Alhaji, fitilunka ba su da laifi, ƙasa ce ta ci wayar, kuma ka gode wa Allah babu wanda ya taka wurin nan babu takalmi." Aikin da na biya sau ɗaya sai da na sake biyan sa, har da kuɗin fasa daɓen da aka riga aka yi.

Abin da na fahimta tun daga ranar shi ne, mafi yawan kuɗin fitilun waje ba ya cikin abin da ido ke gani. Yana cikin waya da bututun da aka binne, da na'urorin kariya da ke cikin akwati, da hannun wanda ya yi aikin, sannan da abin da mita za ta riƙa ci kowane wata. Wanda ya lissafa waɗannan tun kafin ya je kasuwa, shi ne ya san ainihin abin da zai kashe.

Mataki na farko: zagaya gidan da dare

Kada a tsara haske da rana. Bayan sallar isha'i a kashe duk fitilun waje da ake da su, a ɗauki tocila da takarda, a bi hanyoyin da mutanen gida suke bi: daga ƙofar shiga zuwa baranda, daga ɗaki zuwa bakin famfo, zuwa wurin girki idan a waje yake, zuwa bayan gida inda tankin ruwa yake, da kuma ɗan lungun da ke tsakanin gini da katanga wanda ba kasafai ake leƙawa ba. Duk inda aka ji ƙafa tana lalube, ko aka ga mutum zai iya laɓewa ba a gan shi ba, a yi alama a takarda.

Daga nan sai a raba alamomin gida uku. Akwai hasken kiyaye lafiya, wato na matakala da hanya da bakin magudanar ruwa. Akwai hasken tsaro, na ƙofa da kusurwoyin katanga da wurin ajiye mota. Akwai kuma na ado, irin wanda ake haska bishiyar mangwaro ko furanni da shi. Lokacin da na tambayi mahaifiyata abin da take so, cewa ta yi, "Ni dai a haska mini matakalar nan da bakin famfo, sauran duk ƙawa ce." Maganarta ita ce tsarin da nake ba kowa shawara: idan kuɗi bai isa duka ba, a fara da na farko da na biyu, a bar wa na uku bututu a binne har zuwa lokacin da hali ya samu.

Mataki na biyu: awo

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ke ninka musu kuɗi, domin suna ƙiyasta tsawo da ido. Fili mai ƙafa 70 da ƙafa 100, wanda shi ne aka fi sayarwa a unguwannin bayan gari, kewayensa ƙafa 340 ne, wato kimanin mita 104. Ƙunshin waya kuwa wani mita 100 ne, wani yadi 100, kuma yadi 100 bai wuce mita 91 da ɗoriya ba. Ke nan wanda yake son ya kewaye katanga da fitilu, ƙunshi ɗaya ba zai kai shi ba, balle kuma idan aka tuna cewa kowace fitila tana buƙatar layi uku: mai ɗauke da wuta, mai mayar da ita, da wayar ƙasa mai launin kore da rawaya. Idan da waya mai sili ɗaya za a yi aikin, tsawon da aka auna sai a ninka shi sau uku. A ƙara kuma hawa da sauka, domin waya ba ta tafiya a miƙe kamar igiyar shanya. Tana sauka daga akwati zuwa ƙasa, ta bi gindin katanga, ta sake hawa zuwa kowace fitila. Ni nakan ƙara kashi goma cikin ɗari a kan abin da tef ya nuna.

A wannan awon ne kuma za a rubuta irin ƙasar da layin zai ratsa. Mita goma a cikin ƙasa zalla aikin lebura ne na ɗan lokaci. Mita goma a ƙarƙashin daɓen siminti ko tayil kuwa ya haɗa da fasawa, da sayen siminti da yashi, da kiran birkila, kuma wurin da aka yi wa faci ba ya komawa yadda yake. Saboda haka duk wanda bai riga ya shimfiɗa bulon tsakar gida ba, ya binne bututun roba yanzu ko da ba shi da kuɗin fitila ko ɗaya, ya zura igiya a ciki ya toshe bakin. Wannan ɗan abin shi ne ragi mafi girma da mutum zai yi wa kansa a aikin gaba ɗaya.

Mataki na uku: zaɓen hanyar wuta

Hanyoyi uku ne, kuma kowacce tana ɗora nauyin kuɗi a wuri dabam.

Ta farko ita ce a jawo wutar gida kai tsaye, wadda a Gana bolt 230 ce. Fitilunta sun fi yawa a kasuwa, sun fi sauƙin canzawa, kuma waya mai kaurin 1.5, wato murabba'in milimita ɗaya da rabi, tana isar layin fitilun LED na gida ɗaya, domin abin da suke ja kaɗan ne. Nauyinta yana wajen kariya, saboda wutar da ke iya kashe mutum ce za a bi da ita ta ƙarƙashin ƙasar da yara ke wasa a kanta, ruwa kuma yake kwanciya. Dole a sa ta cikin bututu mai ƙwari ko a yi amfani da waya mai sulke, wadda aka naɗe ta da silin ƙarfe don binnewa, kuma ta fi tsada nesa.

Ta biyu ita ce a sa ƙaramar taransifoma ta rage wutar zuwa bolt 12, a raba wa ƙananan fitilun hanya da na cikin shuke-shuke. Amfaninta shi ne ko fartanya ta sare wayar, ba za ta halaka mai aikin lambu ba. Sai dai tana da sharaɗin da masu sayarwa ba sa faɗa: idan ƙarfin wuta ya ragu, yawan abin da ke gudana a waya yana ƙaruwa. Fitilu masu wat 60 a jimlace suna jan amfiya 5 (amfiya shi ne ma'aunin abin da ke gudana a waya) a kan bolt 12, alhali a kan bolt 230 abin bai fi rubu'in amfiya ɗaya ba sai da kaɗan. Idan aka ja wannan amfiya 5 a waya mai kaurin 1.5 har tsawon mita 20, kusan bolt biyu da rabi zai salwanta a hanya, wato kashi ɗaya cikin biyar, sai a ga fitilun ƙarshe sun dushe. Maganin shi ne waya mai kauri, ko a kusantar da taransifomar, kuma duka biyun kuɗi ne da ya kamata ya shiga takarda.

Ta uku ita ce fitila mai amfani da hasken rana, wadda kowa ke kira sola, kuma a kanta nake son in ɗan tsaya. Tun shekarun dumso, musamman 2014 da 2015 lokacin da ake kwana ana yini babu wuta, zuciyar mutanen Akra ta karkata ga duk abin da ba ya dogara da layi, kuma suna da hujja. Sola ba ta buƙatar haƙa, ba ta buƙatar waya, ba ta taɓa mita, kuma ranar da unguwa ta yi duhu ita tana nan tana ci. Amma lambar da ake rubutawa a kwalinta, wat 200 ko 300, ba ita ce gaskiyar abin da take bayarwa ba. Gaskiyar tana jikin batir. A duba abin da aka rubuta a kansa a ninka lambobin biyu: batir mai bolt 3.2 da amfiya-awa 10 yana ɗauke da wat-awa 32 kacal, kuma idan aka raba wannan a kan dare mai awa goma sha biyu, abin da zai iya bayarwa bai kai wat uku ba. Shi ya sa irin waɗannan fitilu suke haske sosai da magariba, su dushe tsakar dare, wasu su mutu kafin kiran assalatu, daidai lokacin da tsoho yake fitowa alwala. A ƙara da cewa daga Yuni zuwa Agusta sararin Akra yakan yini a lumshe, batir ba ya cika, sannan da hunturu ƙura tana rufe farantin har sai an hau an goge. Batirin kuma yana tsufa cikin 'yan shekaru, don haka kafin a saya a tambaya ko ana iya buɗe fitilar a canza shi, ko kuwa idan ya mutu sai a jefar da ita dungurungum. Ra'ayina shi ne sola ta dace da kusurwa mai nisa da bayan gida, da kuma ɗan haya wanda ba shi da ikon fasa bangon mai gida, amma matakalar da tsofaffi ke bi a ba ta wutar layi, a ƙara mata sola ɗaya a kusa don ranar ɗaukewa.

Mataki na huɗu: sayen fitilu

A Akra wanda ke neman kayan wuta da yawa yakan nufi Opera Square da kewayen Makola, ko Zongo Lane idan ƙananan na'urori yake nema, kodayake yanzu Madina da Kasoa da Ashaiman duk suna da manyan shaguna. A je da ma'aikacin, amma mai gida ya riƙe kuɗinsa ya karɓi rasit da kansa.

Abu uku ake karantawa a kwali. Na farko lambar da ke bin haruffan IP, wadda ke nuna jurewar ƙura da ruwa. IP44 tana jure fantsamar ruwa kawai, ta dace da ƙarƙashin baranda. IP65 ƙura ba ta shigarta kuma tana jure feshin ruwa, ita ce mafi ƙarancin abin da za a sa a kan katanga ko ginshiƙin ƙofa. Wadda za a dasa a cikin ƙasa, inda ruwa zai iya kwanciya a kanta, sai IP67 ko sama. Na biyu yawan lumen, domin shi ne ma'aunin haske, wat kuwa ma'aunin cin wuta ne. Fitilar LED mai kyau takan ba da lumen kusan ɗari a kan kowane wat ɗaya. Na uku launin hasken. Mai lamba 6500K fari ne ƙal mai ɗan shuɗi, shi aka fi sayarwa, amma yana kashe ido kuma ya fi tara ƙwari. Mai lamba 3000K yana da ɗan ja kamar hasken fitilar ƙwai, ya fi daɗi a wurin zama da hira, ƙwari ma ba su cika damunsa ba.

Waɗanda ke kusa da teku, kamar Teshie da Nungua da Labadi da Dansoman, su sani iskar gishiri tana cin baƙin ƙarfe cikin damina ɗaya ko biyu, fenti ya ɓamɓare, kusoshi su yi tsatsa har a kasa kwance su. A can gara fitila mai jikin roba mai ƙwari ko alminiyam mai kauri, ko da ta fi tsada. Araha ba ta ado, kuma a wannan aikin ba ta ma daɗewa. Ina kuma fifita fitilar da ake iya canza ƙwanta a kan wadda aka rufe ruf, domin ƙwai ya fi dukan fitila sauƙin saye. Ƙwan fitila mai zare irin na da kuwa ba ya cikin lissafi, domin tun 2008 doka ta hana shigo da shi da sayar da shi a ƙasar nan, shekara ɗaya bayan gwamnati ta raba ƙwayaye miliyan shida marasa cin wuta kyauta a gidaje.

Mataki na biyar: abin da ido ba ya gani

Waya ita ce wurin da ake yawan cutar mai gida. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata ruwan jan ƙarfe, ba ta da nauyi, kuma idan aka kankare silinta da wuƙa sai fari ya bayyana. Akwai wadda aka rubuta 1.5 amma silinta bai kai ba. A ɗauki ƙunshin a ji nauyinsa, a duba sunan kamfani da aka buga a jikin robar. A Tema akwai masana'antun waya irin su Tropical Cable da Nexans Kabelmetal da Reroy, kuma sayen kayansu a wurin amintaccen dila ya fi sayen ƙunshin da ba a san asalinsa ba.

Ramin da za a binne bututu ya kai zurfin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, ya fi haka a inda mota ke takawa. A zuba yashi a ƙasa da saman bututun don kada dutse ya fasa shi, a shimfiɗa ƙyallen roba mai launi a sama kafin a gama cikewa, domin wanda zai yi haƙa nan gaba ya gan shi ya dakata. Kafin a fara haƙa a tabbatar da inda bututun ruwa da na masai suka bi. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce babu haɗin waya a cikin ƙasa. Duk haɗi ya kasance a cikin akwati mai murfi da robar toshe ruwa, a ɗaga shi sama da inda ambaliya ke kaiwa, wayar kuma ta shiga ta ƙasan akwatin ba ta samansa ba. A toshe kowace kafa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan maganar a zahirinta take: tsaka da tururuwa suna son ɗumin akwatin wuta, kuma su ne sanadin lalacewar da yawa.

A cikin akwatin birekoki na gida, wato makunnan da ke katse wuta da kansu idan matsala ta taso, fitilun waje su samu birekarsu ta kansu, ƙarama mai amfiya 6 ko 10, don idan matsala ta taso a waje kada firij da fanka su mutu tare da ita. Tare da ita a sa na'urar da ake kira RCD mai lamba 30mA, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara yoyo zuwa ƙasa ko ta jikin mutum. Wanda zai rage kuɗi ya rage yawan fitilu, kada ya taɓa wannan. Ma'aikaci ya kuma auna sandar ƙasa ta gidan, wato ƙarfen da aka kafa a ƙasa aka ɗaura wa wayar ƙasa, ya tabbatar tana aiki, kuma kowace fitila mai jikin ƙarfe a ɗaura mata wayar ƙasa. Na'urar tare bugun wuta ma ta cancanci kuɗinta, domin tsawar farkon damina da dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa su ne suka fi kashe fitilun LED kafin lokacinsu.

Sai abin da zai riƙa kunnawa da kashewa. Na'urar gane duhu, wadda masu aikin ke kira fotosel, tana kunna fitilu da magariba ta kashe da safe, ba ta da tsada, amma a kafa ta inda hasken fitilun kansu ba zai faɗa mata ba. Na'urar jin motsi kuwa ita ta fi dacewa da babbar fitila mai watsa haske, ta kunna idan mutum ya gitta ta mutu bayan ɗan lokaci.

Mataki na shida: ma'aikaci da takardar ƙiyasi

Dokar haɗa wutar lantarki ta 2011 ta tanadi cewa wanda Hukumar Makamashi ta Gana ta tantance ta ba shi shaida, shi ne ke da hurumin haɗa wuta a gini. Suna da katin shaida, kuma neman ganin sa ba cin fuska ba ne. A zango muna da kunyar tambayar ɗan unguwa irin wannan, musamman idan ɗan aboki ne ko wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci, amma kunyar ba za ta biya kuɗin asibiti ba. Idan ana son a taimaka wa yaron unguwa, a sa shi ya yi aiki a ƙarƙashin mai shaida, ya samu na kashewa ya kuma ƙaru da sani.

A nemi ƙiyasi a rubuce daga mutum biyu ko uku, kowa ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Takardar ta nuna fitilu da adadinsu da wat ɗinsu, waya da sunan kamfaninta da tsawonta, bututu da mahaɗansa da gam, akwatunan haɗi, bireka da RCD da na'urorin kunnawa, kuɗin haƙa da cikewa, siminti da yashi da birkila da fenti, walda idan za a kafa sanda, da kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku, da za ta kawo kaya. Wasu ma'aikatan suna caji a kan kowace fitila, wasu a dunƙule; ko wanne ne, a tambaya ƙarara ko haƙa da gyaran bango suna ciki, domin a nan ne rigima ta fi tasowa. A aiki na biyu da aka yi a gidana, fitilun kansu ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe ba, sauran duk ya tafi a waya da bututu da kariya da hannun ma'aikata.

Abu biyu game da kuɗin kansa. Na farko, har yau akwai masu lissafi da tsohon kuɗi, duk da cewa tun Yulin 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, ta yadda idan dattijo ya ce miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. A rubuta kowace lamba da sabon sidi don kada a yi saɓani. Na biyu, yawancin fitilu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma wanda ya ga shekarar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ya san ƙiyasi yana iya tsufa cikin sati biyu. A sa kwanan wata a takardar, a sayi waya da na'urorin kariya da wuri a lokaci ɗaya, a kuma ware kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari na jimlar don abin da haƙa za ta tono.

Mataki na bakwai: abin da mita za ta ci

Lissafin ba shi da wuya. A tara wat na duk fitilun da za su kwana a kunne, a ninka da awa 12, a ninka da kwana 30, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit na wata. A ɗauki gida mai fitila biyu a ginshiƙan ƙofa masu wat 7 kowacce, da huɗu a kusurwoyin katanga masu wat 10, da huɗu ƙanana a hanya masu wat 3, da ɗaya a bakin famfo mai wat 5. Jimla wat 71, wato kimanin yunit 25 da rabi a wata. Idan aka ƙara babbar fitila mai wat 30 da ke kan na'urar jin motsi, wadda duk kunnuwarta a dare ba ta wuce awa ɗaya ba, ƙarin bai kai yunit ɗaya ba. A ce, don sauƙin lissafi, yunit yana kan sidi 2. Kuɗin wata zai kama kusan sidi 53, na shekara ya haura sidi 630. Maƙwabcin da ya kafa manyan fitilu huɗu masu wat 50 ya bar su har safe kuwa, yunit 72 zai sha a wata, kusan ninki uku, kuma rabin hasken yana tafiya sama ko cikin tagar mutane. Ainihin farashin yunit a duba shi a rasit ɗin kuɗin wutar da aka saya na ƙarshe daga kamfanin wuta na ECG, domin PURC, hukumar da ke tsayar da kuɗin wuta da ruwa, tana sake duba farashi lokaci zuwa lokaci, kuma akwai haraje-haraje da ake ɗorawa a kai.

Gidan da ke cin gajiyar rangwamen masu ƙaramin amfani, wanda iyakarsa yunit 30 ne a wata, ya lura cewa fitilun waje kaɗai suna iya fitar da shi daga wannan rukuni. A gidan haya mai ɗakuna da yawa kuma, irin na Nima da Mamobi da Sabon Zango, a zauna a yanke tun farko mitar wa za ta ɗauki fitilar tsakar gida da yadda za a raba kuɗin, a kuma nemi izinin mai gida kafin a taɓa bango. A karkatar da kan kowace fitila ƙasa, domin gidajenmu a manne suke, kuma hana maƙwabci barci da haske shiga haƙƙinsa ne.

Karɓar aiki

A biya kuɗin aiki kashi uku: kafin alƙalami, sai rabi idan an gama shimfiɗa bututu da waya, sai ciko bayan gwaji. Kafin a cike rami mai gida ya leƙa da idonsa, ya ɗauki hoton kowane layi da waya, ya auna nisansa daga katanga ya rubuta. Gwajin kuwa da dare ake yin sa. A kunna komai, a sake bin hanyoyin nan da aka bi da tocila a ranar farko, a ga ko inuwar mutum tana rufe masa matakala, a fita waje a tsaya a ƙofar maƙwabci a ga ko haske yana dukan tagarsa. A watsa ruwa da tiyo a kan fitilun katanga da akwatunan haɗi, a jira a ga ko bireka za ta faɗi. A danna ɗan maɓallin gwaji da ke jikin RCD, wuta ta ɗauke nan take. Idan ba ta ɗauke ba, aikin bai ƙare ba, kuma wannan dannawar a riƙa maimaita ta duk bayan wata uku.

Ni na roƙi ma'aikacin ya bar ɗan ciko a hannuna har sai an yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, ya kuwa yarda ba tare da gardama ba. Ruwan ya zo cikin dare a watan Yuni, ya cika tsakar gida har gindin matakala, fitilar bakin famfo tana ci har aka kira salla. Da safe na aika masa cikon ta waya, na ninke zanen layukan da hotunan da na wanke, na sa su cikin jakar takardun fili, tare da ƙwan fitila biyu na ajiya a cikin kwalinsu.